Ƙarfe Nawa

"Mutumin da aka bincika ba a samu komai a kansa ba, shi ne abin tsoro," in ji Yaya, ta juyo da kwamfutar wajen Auta. "Duba nan. Shekara talatin da biyu a duniya, hoto uku kacal, duk a gaban allo. Wannan mutum ne ko aljani?"

Auta ko mayafinta ba ta cire ba. Dawowarta ke nan daga shagon buga takardu inda take aiki, yatsunta duk tawada, ta tarar da yayarta a teburin cin abinci ta baje sunan saurayin ƙanwar tata tana tsinta kamar mai neman tsakuwa a shinkafa.

"Yaya, kwana uku kika ce. Yau kwana tara."

"Ko shekara tara ce sai kin jira."

Yaya dai ba ta koyi wannan sana'a a banza ba. A kamfanin da take aiki, ita ake miƙa wa sunayen masu neman aiki ta shiga intanet ta tono abin da suka binne, kuma ta iya tonon har ana tsoronta. Aurenta na fari wata takwas ya yi ya mutu, domin mutumin da ya ce shi injiniya ne ashe ƙofar ofishin injiniyoyi yake tsaro, ga mata da 'ya'ya biyu da ya ɓoye a wani gari. Tun ranar da ta dawo gida da akwatinta, Baba ya rantse babu wanda zai sake ɗaukar masa 'ya sai Yaya ta duba shi ciki da bai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Matsalar ita ce Yaya ba ta tsaya a tsalle ba, ta koma farautar macizai, kuma ranar da ba ta samu ko ɗaya ba sai ranta ya ɓaci.

Shi kuwa wanda ake farautar, malamin lissafi ne a makarantar da ke tsallaken titin shagon su Auta. Duk ƙarshen zango yakan kawo takardun jarrabawa a buga masa, ya tsaya gefen injin yana gyara mata alamomin lissafi cikin murya ƙasa-ƙasa, kamar shi ne ya yi kuskuren. Dogo ne, mai sanyin hali, bai taɓa makara ko da minti ɗaya ba. In ya ce zai zo ƙarfe biyu, to biyu saura kwata za ka gan shi a bakin ƙofa yana jiran lokaci ya cika. Shekara guda da rabi suna tare, kuma Auta tana sonsa irin son da ke sa mutum murmushi shi kaɗai a cikin motar haya.

"Ba shi da tsohuwar lambar waya?" in ji Yaya. "Tsohon adireshi? Wani suna da ake kiransa? Sunan takarda kowa na iya wanke shi, laƙabi ne ba ya jin sabulu."

Nan Auta ta yi dariya, don ta san laƙabin, kuma a ganinta ado ne. Wata rana da yamma suna zaune a bencin gaban shagon tana tsokanarsa kan yawan duba agogo, sai ya ce a tsohuwar unguwarsu Ƙarfe Nawa ake kiransa, kuma akwai labari a kai da zai ba ta in ya samu ƙarfin zuciya. Ita ba ta ji ƙarshen maganar da kyau ba. Ta ɗauka kirari ne na mai cika alkawari, har ta ce masa to ita ta cire ƙarfen ta jefar, ta riƙe Nawa. Tun daga ranar haka take kiransa, haka ma ta sa masa a wayarta.

"Matsa in nuna miki," ta ce wa Yaya. "Har sunan da unguwa ta ba shi na kirki ne."

Da yatsunta ta rubuta. Ba Yaya ce ta rubuta ba, kuma wannan shi ne abin da zai daɗe yana cin ta. Ta sa sunansa, ta ƙara kalmomin biyu a gaba, ta danna tana murmushi.

Abu na farko da ya fito bidiyo ne, na shekara tara da suka wuce, tsawonsa minti biyu da 'yan daƙiƙu.

Tashar mota ce da tsakar rana. Wani dogon saurayi, ƙafa ba takalmi, riga a juye, gashi duk a cukurkuɗe, yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana kama hannunsu. "Don Allah ƙarfe nawa? Ƙarfe nawa?" Wasu matasa sun kewaye shi. Ɗaya ya ce masa huɗu saura biyar, sai ya zabura da gudu kamar zai tashi sama, ya faɗi, ya miƙe. Wani ya ƙwala masa cewa ai huɗu ta wuce tun ɗazu, sai ya durƙusa a ƙasa ya riƙe kai yana kuka irin na ƙaramin yaro. Mai ɗaukar hoton dariya yake har wayar tana rawa a hannunsa.

Fuskar ta rame, ta yi duhu, amma Auta ba ta buƙatar kowa ya gaya mata ko wane ne.

"Sake kunnawa," in ji Yaya.

Auta ta juya ta kalle ta, sai ta ga abin da bai kamata ta gani a fuskar 'yar uwa ba. Yaya daɗi take ji. Kwana tara tana haƙa, yau ta cimma ruwa.

Kafin a kira la'asar Mama ta kalla sau biyu, Baba sau ɗaya, Gwaggo kuwa, ƙanwar Baba da ke zaune a gidan tun rasuwar mijinta, sai da ta nemo gilashinta ta kalla sau huɗu. Mama ta zauna a hannun kujera tana salati, ta ce irin wannan ciwo jini yake bi, ita ba za ta goyi jikan da za a ɗaure da igiya ba. Gwaggo ta ce dama ita tun farko shirun nan nasa bai kwanta mata ba. Auta ta durƙusa gaban Baba ta roƙe shi a bar ta ta tambayi malamin ita kaɗai, ta ce shekara tara ba kwana tara ba ce, mutum yana ciwo ya warke, kuma ɗalibai fiye da ɗari ke zama gabansa kullum ba wanda ya taɓa kuka da shi.

Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Daga ƙarshe ya ce tun da an riga an sa ranar Asabar zai zo gaishe su, to ya zo, kuma kada Auta ta kuskura ta gaya masa komai. Wai so yake ya ga ko zai faɗi gaskiya da kansa.

Da Auta ta so, da ta saɓa wa Baba a ɓoye. Saƙo ɗaya zuwa ga malamin ya isa. Sau uku tana rubutawa tana gogewa, tana gaya wa kanta biyayya take yi, alhali a can ƙasan zuciyarta ta san tsoro ne. Tsoron kada malamin ya tambaye ta yadda aka gano, da kuma wani tsoron da ko ita kanta ba ta yarda ta kira sunansa ba. Da ya kira ta ranar Juma'a ya ce me ya sami muryarta, sai ta ce mura ce.

"Ki sha ruwan ɗumi, sanyin idona," ya ce. "Gobe ƙarfe huɗu ina ƙofarku."

Huɗu saura kwata ya iso. Ya yi aski, ya sa farar riga mai guga, ya riƙo kwandon lemo da ayaba. Ya cire takalmi a bakin falo, ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama da Gwaggo, ya tambayi Yaya aiki. Auta ta kawo shayi ta ajiye, ta koma ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa kamar yadda Mama ta umarta.

Baba ya yi masa tambayoyin da aka saba, na aiki da na dangi, ya amsa da ladabi. Ya ce mahaifinsa ya rasu, shi da mahaifiyarsa ne kawai a gida. Har ya buɗe baki ya ce akwai wata magana da yake son ya sanar da su tun kafin a yi nisa, Auta ta ɗago kai cike da murna. Amma Yaya ba za ta bari a ƙwace mata naman da ta farauto ba.

Ta miƙa hannu ta taɓa wuyan hannunta inda babu agogo, ta lanƙwasa murya.

"Malam, don Allah... ƙarfe nawa?"

Gwaggo ce ta fara fashewa. Ta toshe baki da gefen mayafi, dariyar ta ƙi tsayawa, ta fito ta hanci. Mama ta kawar da kai. Baba ya yi gyaran murya, amma bai tsawatar ba.

Malam bai motsa ba. Ya kalli Yaya, ya kalli Gwaggo, sannan a hankali ya ɗaga hannu ya duba agogonsa.

"Huɗu da minti ashirin da biyu, Yaya."

Ya ajiye hannunsa a gwiwa, ya ba su labarin da muryar da yake koyar da lissafi, ba hawa ba sauka. Mahaifinsa yana kwance a asibiti, likita ya ce za a shiga da shi tiyata ƙarfe huɗu, kuma tsohon ya roƙa a kira masa ɗansa ya gan shi kafin nan. Shi kuma yana ɗakin jarrabawarsa ta ƙarshe a jami'a, an karɓe wayoyi, agogon bango ya tsaya ba wanda ya lura. Ya fito yana ganin da sauran lokaci, ya isa asibiti huɗu ta wuce da minti ashirin. Ba a fito da mahaifinsa da rai ba. Bayan sati biyu kansa ya juye. Wata biyar ya yi yana yawo a tasha kafin mahaifiyarsa ta samu aka kwantar da shi. Ya yi jinya, ya warke, ya koma ya gama karatu, har yau yana ganin likitansa sau biyu a shekara, kuma shekara takwas ke nan ko gezau.

"Abin da na zo faɗa ke nan yau, Baba," ya ce. "An riga ni."

Ya miƙe tsaye, da yake dogo ne sai inuwarsa ta rufe inda Auta take zaune. Ya ɗauki kofin shayin da bai sha ba, ya sunkuyo zai miƙa mata.

Auta ta ja da baya.

Ba da niyya ba ne. Jikinta ne ya yi kafin zuciyarta ta sani, ta ɗaga hannu ta kare fuska, kafaɗarta ta bugi ƙafar tebur. Daƙiƙa ɗaya ce, ta sauke hannun nan take. Amma ya gani. Ya tsaya da kofin a hannu yana kallonta, ta ga idonsa ya canza, abin da dariyar Gwaggo ba ta iya yi masa ba. Ya ajiye kofin a kan tebur a hankali don kada ya yi ƙara, ya yi sallama da kowa, ya sa takalminsa ya fita.

"Kin gani ko?" in ji Mama. "Ke kanki jikinki ya gaya miki gaskiya."

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila an samu hanyar ɗinke shi. Sai dai Yaya, wai don ta tabbatar shi ne, tun ranar farko ta tura bidiyon ga wata ƙawarta da ɗanta ke makarantar. Magana zarar bunu ce. Ƙawar ta tura wa wata uwa, uwar ta jefa shi zauren hira na iyayen yara a waya, kafin Laraba babu wayar da bai shiga ba. Auta tana shago tana jin ɗalibai na wucewa ta bakin taga suna kwaikwayon muryar suna tuntsira dariya. Aka ce in ya shiga aji sai hannaye goma su tashi, kowa tambayarsa ɗaya. Aka ce wani ya zana agogo a allo da ƙafafu yana gudu. Aka ce iyaye sun cika ofishin shugaban makaranta suna cewa ba za su bar 'ya'yansu a hannun mahaukaci ba.

Auta ta kira shi ya fi a ƙirga. Yakan ɗauka, ya amsa gaisuwa, ya ce yana lafiya, ya ce yana da aiki. Ta shiga shafin ta kai ƙarar bidiyon a cire, aka amsa mata cewa za a duba. Kullum sai ta koma ta ga ko an cire, kullum tana tarar da sababbin maganganu a ƙasansa, har ta gane wasu sunayen, yaran da take buga wa takardun jarrabawarsu ne.

Ranar da ta tunkari Yaya tana kuka, Yaya tana yanke farce ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta ƙirƙiri komai ba, abin da ke nan ta nuna, kuma in ana neman wanda ya buɗe ƙofar to Auta ta duba yatsunta. Ta ce wata rana za ta gode mata. Auta ta tsani yayarta a wannan rana, tsana ta gaske, kuma abin da ya fi ƙona ta shi ne Yaya ba ƙarya ta yi ba.

Sati biyu bayan nan, da hantsi, ya shigo shagon. Maigidan shagon ya fita, ita kaɗai ce tana jera takardu. Ya rame kaɗan, amma rigarsa a goge take kamar kullum. Ya miƙa mata takarda rubutun hannu, ya ce a buga masa kwafi biyu.

Ta karanta layin farko. Takardar ajiye aiki ce.

"Nawa..."

"Buga min kawai, don Allah."

Ta zauna ta fara bugawa, hawaye na sauka a kan madannan. Ya tsaya a gefen injin inda ya saba tsayawa. Da ta kai tsakiya ta kasa, ta juyo ta gaya masa komai, cewa ba Yaya ce ta gano sunan ba, ita ce ta ba da shi, ita ce ta rubuta da hannunta tana alfahari, ita ce kuma ta yi shiru ranar Juma'a ta bar shi ya shigo falon bai san abin da ke jiransa ba.

"Na sani," ya ce. "Duk garin nan ke kaɗai na taɓa gaya wa sunan."

"To ka zage ni. Ka yi min faɗa. Kada ka tsaya min haka..."

"In na ɗaga murya, me za a ce ya tashi?"

Ya nuna allon da yatsa ya ce ta tsallake harafi a layi na huɗu, ta gyara. Injin ya yi ƙugi ya turo takardun biyu, ya ɗauka ya karanta daga sama har ƙasa, ya ari biro a kan teburinta ya sa hannu.

Ta riƙe gefen rigarsa. Ta ce za ta bi shi duk inda zai je, za ta bar gidan, za ta durƙusa wa mahaifiyarsa, Baba ma zai sauko in ya ga ta dage. Ta ce tana sonsa, wallahi tana sonsa, ba ta taɓa son wani abu a duniya kamarsa ba.

"Na yarda," ya ce. "Ni ma haka. Kuma na yafe miki sunan, na yafe shirun. Bidiyon ma ba komai ba ne, dubban mutane sun kalla kafin ke, na rayu."

"To mene ne? Gaya min in gyara."

Ya ninke takardun biyu, ya sa a aljihu.

"Mahaifiyata ta yi wata biyar tana bina a tasha. Na ture ta, na yaga mata zane, na kasa gane ta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kare fuskarta daga gare ni ba. Ke kuwa kofin shayi na miƙo miki." Ya ɗago ya kalle ta. "Ban ga laifinki ba. Amma ba zan iya zama a gidan da in na tashi tsaye da sauri matata za ta nemi ƙofa da ido ba. Wata rana za mu haifi ɗa, in miƙo hannu zan ɗauke shi, ki ɗan yi jinkiri kafin ki ba ni. Wannan jinkirin shi zai mayar da ni tasha."

"Ba zan yi ba. Na rantse ba zan yi ba."

"Ranar ma ba ki yi niyya ba."

Ya sa hannu a hankali ya zare yatsunta daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon ba ta ja da baya ba, ta tsaya cak tana roƙon Allah ya lura. Ya lura, har ya yi ɗan murmushi mai ciwo. Ya ce shi da mahaifiyarsa za su bar garin ranar Lahadi, kuma yana roƙon alfarma ɗaya.

"Faɗi. Ko mene ne."

"Kada ki neme ni a intanet. Inda za ni ba wanda ya san ni, ina so in kai shekara guda a haka."

Ya fita. Ta bi shi har bakin ƙofa, ta ga ya tsallaka titi ya nufi ƙofar makarantar, yara a saman bene sun hango shi sun fara ihu. Bai ɗaga kai ba, bai ƙara sauri ba. Auta ta durƙushe a dokin ƙofar shagon tana kuka da ƙarfi, masu wucewa na ratse ta, har wata mata da ta zo da takardu ta gaji da jira ta tambaye ta ko injin yana aiki.